Ƙuri'a 13 a Kowace Rumfa: Abin da Ya Kamata Ɗalibi Ya Sani Kafin Ya Shiga Kamfe



Bari mu fara da ɗan lissafi, tunda duk wanda ya shigo makarantar nan ya sha lissafi, ko yana so ko ba ya so. A zaɓen gwamnan Jihar Kebbi na 2023, Nasir Idris Ƙauran Gwandu na APC ya samu ƙuri'a 409,225, Janar Aminu Bande mai ritaya na PDP ya samu 360,940. Tazarar da ke tsakaninsu 48,285 ke nan. Jihar tana da rumfunan zaɓe 3,743. In ka raba wannan tazara ga rumfunan, za ka samu kusan ƙuri'a 13 a kowace rumfa. Wato da a ce a kowace rumfa mutum bakwai kacal sun sauya ra'ayi daga wannan ɓangare zuwa wancan, da lissafin ya juye. Ƙari a kan haka, waɗanda suka yi rajistar zaɓe a Kebbi sun haura miliyan biyu, amma ƙuri'un manyan 'yan takarar biyu a haɗe ba su kai 800,000 ba. Fiye da mutum miliyan ɗaya ba a ga ƙeyarsu a rumfa ba.

Na yi aikin yaƙin neman zaɓe a ɓangaren Argungu a waccan kakar. Ba zan faɗi jam'iyyar ba, domin abin da zan bayyana duk jam'iyyu kanwar ja ce. Guguwar 2027 ta fara kaɗawa, kuma ba da jimawa ba za a fara shigowa ɗakunan kwananmu ana neman "matasa masu jini a jika". Kafin ka ba da sunanka, ya kyautu ka san yadda injin yake aiki, da wurin da za a ɗaura ka a jikinsa.

Hawa uku na kamfe

Abin da muke kira kamfe a dunƙule, a zahiri gida ne mai hawa uku.

Na farko shi ne shugabancin jam'iyya. Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 225, kuma kowace babbar jam'iyya tana da shugabanni a kowace mazaɓa: ciyaman, sakatare, ma'aji, shugaban matasa, shugabar mata da sauransu. Waɗannan suna nan kafin a san ɗan takara, suna nan kuma bayan ya ci ko ya faɗi. A kakar zaɓen 2023, daga mazaɓa aka fitar da daliget, su kuma daliget su ne suka yi zaɓen fidda gwani. A 2022 APC ta yi amfani da daliget biyar daga kowace mazaɓa wajen fitar da ɗan takarar gwamna, PDP kuma uku. Ka ga ke nan tun kafin a buga fosta ko ɗaya, wasu 'yan ɗaruruwan mutane sun riga sun tankaɗe mana waɗanda za mu zaɓa a cikinsu.

Na biyu shi ne kwamitin yaƙin neman zaɓe na ɗan takara. Wannan na wucin gadi ne. Yana da darakta, da kodinetoci a ƙananan hukumomi da mazaɓu, da ƙananan kwamitoci na yaɗa labarai, sufuri, tsaro, mata da matasa. Ta nan kuɗi ke bi. Ranar da aka sanar da sakamako, kwamitin ya watse.

Na uku su ne ƙungiyoyin goyon baya, waɗanda ke tsirowa kamar ciyawar damina. Mutum biyar su haɗu a teburin mai shayi, su raɗa suna, su buga kyalle da hoton ɗan takara, su nemi a kai su gaisuwa. A wannan hawa na ƙasa yawancin ɗalibai suke faɗawa. Wasu ƙungiyoyin suna aiki tsakani da Allah. Wasu kuwa jarinsu kawai jerin sunaye ne da lambobin waya, wanda shugaban ƙungiya zai kai wa babban mutum ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da matasa dubu." Sunanka yana cikin dubun nan, amma ba da kai za a yi cinikin ba.

Ayyukan da ake ba mu

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ba da damar fara kamfe kwana 150 kafin zaɓe, a rufe awa 24 kafin ranar. Shi ya sa na shugaban ƙasa da 'yan majalisar tarayya ya fara ranar 28 ga Satumba 2022, na gwamna da majalisar jiha kuma 12 ga Oktoba. Kusan wata biyar ke nan, ya fi zangon karatu guda. A cikin watannin nan, ayyukan da ke zuwa hannun matasa kusan iri biyar ne.

Akwai cika fili. Za a yi gangami a filin wasa na Haliru Abdu da ke Birnin Kebbi, ko ɗan takara zai shigo Argungu, sai a aiko da motoci da riguna da hular kwano, a ba da kuɗin mai ga 'yan kabu-kabu su shiga kwamba. Amfanin taron shi ne hoto: a nuna wa uwar jam'iyya da abokan hamayya cewa ana da jama'a. Duk wanda ya yi aikin nan ya san sirrin, fuskokin da ka gani yau a taron wannan, jibi za ka gan su a taron wancan da wata rigar.

Akwai liƙa fosta, aikin dare da bokitin koko. Ba shi da wuya, sai dai yawancin faɗan da ke tashi tsakanin matasa daga nan yake farawa: wani ya liƙa a kan ta wani, ko an wayi gari an yage.

Akwai 'yan midiya. A ba ka kuɗin data, wani lokaci har da waya, aikinka ka yabi naku ka soki nasu a Facebook da WhatsApp da TikTok. Su ne ƙannen sojojin baka na gidajen rediyo. Wannan aikin ya fi jan hankalin ɗalibai saboda a kwance ake yin sa. Amma ka sani, abin da ka rubuta da sunanka yake fita, ba da sunan mai gidanka ba. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma an sha kama matasa a ƙasar nan saboda rubutu. Ko ba a kama ka ba, rubutu ba ya mutuwa. Ranar da ka je neman aiki ko neman aure, wani zai tono shi.

Sai biyun da ba su da armashi, ba a rububinsu, amma su ne ke kawo ƙuri'a 13 ɗin nan: bin gida-gida, da zama ejan a rumfa.

Gida-gida a ƙasar Kabi

Aikin gida-gida yana farawa ne daga rajistar masu zaɓe ta rumfarka. Hukumar zaɓe tana ba jam'iyyu kwafi. Za ku zauna da mutanen unguwa ku bi sunayen ɗaya bayan ɗaya: wane ya rasu, wane ya tafi cin rani, wance ta yi aure ta koma Augie, wane bai karɓi katinsa ba. Waɗanda suka rage sai a kasa su uku: namu, nasu, da waɗanda ba su yanke shawara ba. Ƙarfin aiki yana tafiya ne kan kashi na uku, da kuma namun da ake tsoron ba za su fito ba.

A nan ne sanin gari yake da rana. Zaɓen 2023 ya faɗo a Fabrairu da Maris, lokacin da noman rani ya kankama. Da safe magidanta suna fadama wajen shinkafa da injin ban ruwa, masunta suna kan ruwa. In ka je gida da hantsi, yara kawai za ka tarar. Lokacin magana shi ne bayan la'asar, ko bayan isha'i a majalisa. Ba a shiga ƙauye kai tsaye, sai an fara gaida hakimi ko mai unguwa, ko da kuwa an san ba zai ce a zaɓi kowa ba. Haka manyan suke yi: kowane ɗan takara sai ya je fadar Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, ya yi gaisuwa, a yi masa addu'a kamar yadda aka yi wa wanda ya zo kafin shi. In kuma aikin ya kai ka wajen Arewa ko Dandi, ko rugar Fulani, wanda ke jin Zabarmanci ko Fillanci ya fi mai dogon Turanci amfani sau goma.

Tambayar farko da dattijo zai yi maka ba ta shafi manufofin jam'iyya ba. Cewa zai yi, "Kai ɗan wa na?" In ya san gidanku, sai ya saurare ka. Daga nan sai ya jero maka abin da ke damunsa: tsadar taki, tsadar man da injin ban ruwa ke sha, ambaliya irin ta 2020 da ta cinye shinkafa a fadamun Kebbi, bashin noma na shirin da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a jihar nan a Nuwamba 2015, farashin da ake sayen shanshera, da rashin tsaro a ƙauyukan kan iyaka. Ya san waɗannan abubuwa fiye da kai. In ka yi masa alkawarin da ba kai za ka cika ba, ka tuna ɗan takara yana Birnin Kebbi ko Abuja, kai ne za ku riƙa haɗuwa da shi a masallaci shekara huɗu.

'Yan'uwa mata, wannan fagen naku ne fiye da yadda kuke zato. Gidajen da aka rubuta "ba a shiga", namiji iyakarsa zaure. Mace ce ke shiga har tsakar gida, ta san wadda ke da kati, ta san wadda maigida bai yarda ta fita ba, ta san lokacin da za a turo mota. Matan Arewa sai a 1979 suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba. Yau kuwa duk wanda ya tsaya a rumfa ya ga tsawon layin mata ya san ba a cin zaɓe ba tare da su ba.

Ranar zaɓe: aikin ejan

Ejan shi ne wakilin jam'iyya a rumfa, kuma shi kaɗai ne ɗan kamfe da doka ta san da zamansa a wurin. A ƙarƙashin dokar 2022, jam'iyya tana miƙa sunansa da hotonsa ga hukumar zaɓe aƙalla kwana 14 kafin zaɓe, a ba shi katin shaida ya rataya. Wanda ba shi da wannan katin, ɗan kallo ne.

Ga yadda ranar take tafiya. Ana buɗe rumfa ƙarfe 8:30 na safe. Ejan nagari yana isa kafin malaman zaɓe. Zai ga an nuna akwati babu komai a ciki. Zai duba na'urar BVAS ya tabbatar tana nuna sifili. Wannan na'ura ita ke tantance mai zaɓe da zanen yatsa ko hoton fuska, tana kuma ƙirga yawan waɗanda ta tantance. Ƙarfe 2:30 na rana ake rufe layi, amma duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya jefa.

Sai ƙirga. Ana zazzage akwati a gaban jama'a, a ware ƙuri'un kowace jam'iyya, a ƙirga da ƙarfi. A nan ake jayayya kan ƙuri'un da suka lalace, kamar wadda aka dangwala wa jam'iyya biyu. Bayan haka shugaban rumfa zai cike takardar sakamako mai suna EC8A, da lambobi da kuma kalmomi, ya sa hannu ya buga hatimi, ejan-ejan su sa hannu, a ba kowa kwafinsa, a ba jami'in tsaro. A ɗauki hoton takardar da BVAS a tura shafin IReV na hukumar zaɓe, a liƙa sakamakon a bango. Daga nan a wuce cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa inda ake cike EC8B, sai ƙaramar hukuma EC8C, har zuwa jiha. Abin da tsofaffin 'yan siyasa ke nufi ke nan da "a kasa, a tsare, a raka".

Abu ɗaya da ejan zai sa wa ido fiye da komai shi ne aringizo. In ƙuri'un da aka jefa sun fi yawan mutanen da na'ura ta tantance, doka ta ce a soke sakamakon rumfar baki ɗaya. Ke nan wanda ya cusa ƙuri'a biyar don ya taimaki gwaninsa, yana iya jawo a zubar da ɗari ukun da gwanin nasa ya samu da halal.

Takardar EC8A da ke aljihun ejan ita ce hujja in an je kotu. Kwana 21 kacal ake da shi a shigar da ƙara bayan an sanar da sakamako, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe kuma tana da kwana 180 ta yanke hukunci. Shari'ar gwamnan Kebbi sai da ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar da Nasir Idris a Janairun 2024. A irin wannan shari'a ba a tambayar wa ya fi cika fili. Takardu ake tambaya.

Akwai kuma abin da dokar 2022 ta hana a ranar: tallar ɗan takara, ɗaga taken jam'iyya ko yawo da makami a cikin mita 300 daga rumfa. Hukuncin da ta tanada shi ne tarar naira 100,000 ko wata shida a gidan yari. Sace akwati ko lalata kayan zaɓe, ta tanadi wata 24. Saye da sayar da ƙuri'a, ta tanadi tarar naira 500,000 ko wata 12, ko duka biyun, kuma mai bayarwa da mai karɓa duk sun shiga. Dokar zaɓe takan sha gyara, don haka duk wanda zai yi ejan ya nemi ta lokacinsa ya karanta da kansa.

Me ya sa aka ce "inkwankulusib"?

Da yawa daga cikinmu mun ji kalmar a Maris 2023 ba tare da mun gane lissafinta ba. An shirya zaɓen gwamna ranar 11 ga Maris, aka ɗaga zuwa 18 ga wata don a sake saita na'urorin BVAS. Da aka tattara, APC tana da 388,258, PDP tana da 342,980. Tazara 45,278. Amma masu zaɓe a rumfunan da aka soke sun kai 91,829. Ƙa'idar hukumar zaɓe ita ce, in waɗanda aka soke wa zaɓe sun fi tazarar yawa, ba za a sanar da wanda ya ci ba, domin ƙuri'unsu na iya sauya sakamako. Shi ya sa aka koma ranar 15 ga Afrilu aka kammala. Kujerar sanatan Kebbi ta Arewa, inda Argungu take, ita ma sai a ranar aka ƙarasa ta.

Duk rumfar da aka soke, akwai abin da ya faru a cikinta: aringizo, ko hargitsi, ko an hana amfani da na'ura. Kuma ba manya ne ke tsaye a wurin ba. Matasa ne. Sakamakon haka jiha guda ta yi kusan wata ɗaya cikin zullumi.

Maganar kuɗi

Kowa ya san don me yawancinmu ke shiga, to bari mu faɗe ta. Dokar 2022 ta ƙayyade abin da ɗan takara zai kashe: gwamna naira biliyan 1, sanata miliyan 100, ɗan majalisar wakilai miliyan 70, ɗan majalisar jiha miliyan 30. Fam ɗin takara kaɗai a 2022, na gwamna a APC miliyan 50 ne, a PDP miliyan 21. Na majalisar jiha miliyan 2 a APC, 600,000 a PDP.

Kuɗin kamfe kamar ruwan ban ruwa ne a doguwar kwata: daga darakta zuwa kodinetan ƙaramar hukuma, zuwa na mazaɓa, zuwa shugaban ƙungiya, kowane mataki ƙasa na shan nata. Kafin ya iso ga mai liƙa fosta ya zama laima. A 2023 abin ya ƙara cakuɗewa saboda canjin takardun naira, tsabar kuɗi ta yi wuya, aka koma tiransifa da atamfa da taliya da sabulu. Na san ejan-ejan da suka yini a rana ba ci ba sha, aka ce su tura lambar asusu, har yau suna jiran alat. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Babban abin da ake biyan matashi da shi, alkawari ne: "In mun ci, za a yi da kai." Sai ka yi lissafi. Mazaɓu 225, rumfuna 3,743, kowace rumfa da matasanta da aka yi wa wannan alkawarin. Kujerun kwamishina da masu ba da shawara da mataimaka, ko an ninka su, ba za su ishi kashi ɗaya cikin goma ba. Ba sai an yi mugunta ba, lissafin ne bai fita.

Manya suna shiryawa

Wannan ɓangaren, a karanta shi da kyau, domin tarihin jiharmu ne. Sanata Muhammad Adamu Aliero ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007 a APP, wadda ta koma ANPP. A 2007 ya shiga PDP ya zama sanata. Da ya tafi ministan Abuja a 2008, Abubakar Atiku Bagudu ne ya gaji kujerarsa ta Kebbi ta Tsakiya. A 2011 suka kara, Aliero a CPC, Bagudu a PDP, Bagudu ya ci. A 2015 suna jam'iyya ɗaya, APC: Bagudu ya zama gwamna, Aliero ya koma majalisar dattawa. A Yunin 2022, bayan saɓanin cikin gida, Aliero da Sanata Yahaya Abdullahi, ɗan ƙasar Argungu wanda a lokacin shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar dattawa, suka koma PDP. A 2023 Aliero ya kayar da Bagudu yana gwamna mai ci, PDP ta kwashe kujerun sanata uku na jihar, APC ta riƙe gwamna. A Mayun 2025 sanatocin uku, Aliero da Yahaya Abdullahi da Garba Musa Maidoki, duk suka koma APC.

Ban kawo wannan don in zargi kowa ba. Sauya sheƙa da sulhu suna cikin sana'ar siyasa, kuma kowannensu yana da hujjarsa. Abin dubawa shi ne namu ɓangaren. Akwai matasa a Argungu da Birnin Kebbi da suka daina gaisawa da abokan da suka tashi tare saboda zaɓen 2023. Akwai waɗanda suka zagi sa'annin iyayensu a Facebook. Yau waɗanda aka yi faɗan dominsu suna zaune a inuwa ɗaya, su kuwa har yanzu ba sa zuwa sunan juna. Tun 1979 Waziri Ibrahim na GNPP yake kiran a yi siyasa ba da gaba ba. Manya sun daɗe da gane karatun, mu ne muka makara.

Jagaliya

Aiki na shida, wanda ban sa shi cikin lissafi ba, shi ne wanda ba a faɗin sunansa lokacin ɗauka. Za a ce maka "tsaro" ne ko "rakiya". Abin ya daɗe. Tun zamanin NEPU da NPC a shekarun 1950 ake da 'yan banga. Bayan 1999 kowace jiha ta samu nata: 'yan Kalare a Gombe, Sara-Suka a Bauchi, 'yan daba a Kano, ƙauraye a Katsina. Hanyar iri ɗaya ce. A fara da kuɗin shayi, a kawo ƙwaya, a kawo gora da adda, ranar zaɓe a nuna maka rumfar da ake so a tarwatsa. In an kama ka, wayar mai gida ba ta shiga. In an ci zaɓe, kai ne mutum na farko da za a hana shiga gidan gwamnati, domin ka zama abin kunya.

A rikicin bayan zaɓen 2011, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe fiye da mutum 800 a Arewa cikin kwana uku. Cikinsu akwai masu yi wa ƙasa hidima goma a Jihar Bauchi. Ku tuna, shugabannin rumfa yawancinsu masu hidimar ƙasa ne, mataimakansu kuma sau da yawa ɗaliban manyan makarantu ne irinmu. Wanda za a ce ka ƙwace wa akwati yana iya zama ɗan ajinku, ko kai kanka shekara biyu masu zuwa.

To, a shiga ko kada a shiga?

A shiga mana. A rajistar 2023, cikin masu zaɓe 93,469,008 a Najeriya, kusan kashi 40 cikin 100 'yan shekara 18 zuwa 34 ne, kuma ɗalibai su ne rukuni mafi girma in aka kasa ta sana'a, fiye da miliyan 26. Saboda mu aka rufe manyan makarantu daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris a waccan shekarar. Duk da haka waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su wuce kashi 27 cikin 100 ba. Tun ranar 31 ga Mayu 2018 aka sa hannu kan gyaran tsarin mulki da ya sauko da shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Wasu cikinmu a ajin HND sun riga sun kai. Gwamnan da ke kan kujera ma ta hanyar ƙungiya ya biyo, daga malamin makaranta har shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa. Ƙofa a buɗe take, sai dai a san ta inda za a shiga.

Kafin ka amsa kira, tambayi kanka abu biyar. Na farko, katin zaɓenka yana ina, kuma a wace rumfa? In rajistarka tana Zuru ko Yawuri kai kuma kana Birnin Kebbi, ko ka nemi a sauya maka lokacin da aka buɗe rajista, ko ka shirya tafiya gida. Ɗan kamfe marar kati, ɗan rakiya ne. Na biyu, wane aiki takamaimai za a ba ka, kuma wa za ka riƙa kai wa rahoto? Na uku, in akwai biya, nawa ne, yaushe, daga hannun wa? A yi maganar tun farko, ba rashin kunya ba ne. Na huɗu, aikin zai ci karo da lacca ko jarrabawa? Kamfe wata biyar ne, takardar shaidarka ta har abada ce, kuma babu ɗan takarar da zai rubuta maka kwas ɗin da ka faɗi. Na biyar, za ka iya faɗa wa mahaifinka aikin da aka ba ka ba tare da ka sunkuyar da kai ba?

In za ka zaɓa, zaɓi gida-gida ko ejan, ko ka nemi aikin wucin gadi na hukumar zaɓe in ba ka da jam'iyya. Mai karatun kwamfuta ya riƙe rajistar mazaɓa, mai karatun ƙididdiga ya tattara sakamako, mai karatun akanta ya riƙe lissafin kwamiti. Ko gwaninka ya faɗi, za ka fito ka san mutanen rumfarka gida-gida, ka san dokar zaɓe, ka iya magana a gaban dattawa, kuma jama'a sun san ka da amana. Da wannan jarin ake zama shugaban matasa na mazaɓa, da shi ake zama daliget, da shi ake neman kansila. Mutumin da zai iya kawo ƙuri'a 13 a rumfarsa da mutuncinsa, nemansa ake yi, ba shi ke bin ƙofar gidan kowa ba.

Allah Ya ba mu shugabanni nagari, Ya sa a yi lafiya a gama lafiya.